Yadda za ka riƙe ma'aikatan sashen kwamfuta na asibiti kafin gajiya ta kore su

Wannan rubutu na wanda aka danƙa wa sashen kwamfuta ne a asibiti a nan Jos, na gwamnati ne ko na mishan ko na kuɗi, kuma ya fara ganin alamun da ba ya so. Yaron da ya fi kowa sanin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan asibiti, ya daina buɗe baki a mitin. Wata ta fara yawan neman izinin fita da rana, kowa kuma ya san intabiyu take zuwa. Wayar kol, wadda ake kiran mai jiran aiki da ita bayan an tashi, tana ƙara har ta tsinke ba a ɗauka ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, ingancin abin da yake yi ya ragu. Ta kuma danganta ta da matsin wurin aiki da aka bari ya daɗe ba a magance ba. Wato ba lalaci ba ne, kuma wa'azi a mitin ɗin Litinin ba ya warkar da ita.

Abin da yawancin shugabanni ke yi shi ne su rubuta takardar neman ƙarin albashi, a cusa ta a fayil, su dawo su ce wa yara an kai kuka, sai haƙuri. Za mu zo kan kuɗi, amma ba da shi ake farawa ba. Sashen kwamfuta a asibiti kamar kwata yake, ba mai tuna ta sai ranar da ta toshe. Wanda ba a ganin aikinsa kuwa ba a ƙara masa mutane, balle kuɗi. Don haka ka fara da ƙirga aikin, ka gyara dare, ka rage kiran da bai kamata ya zo ba, sannan ka shiga ofishin manya.

Mataki na farko: buɗe littafin aiki

Ba sai ka sayi wata manhaja ba. Babban littafi mai bango ko shafin Excel ya isa. Duk kiran da ya shigo a rubuta abu shida: ƙarfe nawa, daga wane sashe, mene ne ya faru, wa ya je, minti nawa ya ci, da kuma abin da ya tsaya a asibitin kafin a gyara. Wannan na ƙarshen shi ne mafi tsada. "An gyara firinta" ba ya motsa kowa. "Famasi ya daina ba da magani minti 40, layi ya kai bakin ƙofa" yana motsa har akanta.

Wahalar ita ce yawancin aikin ba ta ƙofa yake shigowa ba. A baranda ake tare yaro, a masallaci bayan Azahar, a wurin mai shayi, ko a tura masa saƙo ta WhatsApp ɗinsa na kansa. Ka ware lamba ɗaya ta sashe, ka manna ta a jikin kowace kwamfuta, ka koya wa yaranka amsa ɗaya mai ladabi: "To Sista, ina zuwa, amma don Allah a kira lambar nan don ya shiga littafi." Makon farko za a ce kun fara girman kai. Ku jure.

Ka yi wa yaranka bayani tun farko cewa littafin ba na kama mai laifi ba ne. Idan suka zaci da shi za a auna wa ya fi wani, za su cika shi da ƙarya, ko su riƙa wawar ƙananan ayyuka su guje wa manya.

Bayan mako shida ka zauna ka kasa abin da aka rubuta. Kashi ɗaya abin da ke tsayar da kula da mara lafiya: sakamakon gwaji bai fito ba, likita ya kasa buɗe fayil, ɗakin kati ya tsaya. Kashi na biyu abin da ke tsayar da kuɗi: rasit, POS, tura takardun neman biya ga hukumomin inshorar lafiya, NHIA ta tarayya ko PLASCHEMA ta jihar Filato. Na uku ƙananan abubuwa masu maimaita kansu, irin su mance kalmar sirri da takarda ta maƙale a firinta. Na huɗu kuwa shi ne zai ba ka mamaki, wato abin da ba aikinku ba ne sam: laftof ɗin ɗan Oga, buga takardar gayyatar biki, saita dish a ɗakin hutun likitoci, cike wa ƙanin wani fom ɗin JAMB. A asibitocinmu duk abin da ke da waya a jikinsa na "masu kwamfuta" ne. Ba na cewa a daina taimakon juna, zaman tare ya gaji haka. Amma a rubuta, a ga awa nawa yake ci.

Sai ka ƙara shafi guda na aikin da ya kamata a yi amma ba a taɓa samun lokacinsa ba: gwada ko kwafin bayanan da ake ajiyewa yana buɗuwa kuwa, sabunta manhajoji, rufe asusun ma'aikatan da suka bar aiki. Wannan shafin ne ke hana ma'aikacin kirki barci, don ya san abin da ke tafe. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta shiga asibitocin Ingila ta kafar na'urorin da ba a sabunta ba, aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Kamfanin Microsoft kuma ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ka kuwa san kwamfutoci nawa ne a asibitinku ba su ma kai nan ba.

Mataki na biyu: yi lissafin mutane

Wannan gajere ne. Mako yana da awa 168. Ma'aikaci ɗaya yana yin 40. Kujera ɗaya da ake so kada ta taɓa zama babu kowa, dare da rana, tana buƙatar mutum huɗu da ɗoriya, idan ka sa hutun shekara da rashin lafiya da zuwa kwas ta zama biyar. Wannan fa kujera ɗaya ke nan, ba a yi maganar mai kula da saba da netwok ba. Idan ku uku ne ake so ku rufe awa 24, to wani ne ke biyan gibin da barcinsa. 'Yan bautar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki suna rage nauyi da rana, amma kada ka sa su cikin wannan lissafi. Za su tafi, kuma bai dace a bar musu mabuɗin bayanan marasa lafiya su kaɗai da dare ba.

Mataki na uku: gyara dare

A nan ne ran ma'aikaci ya fi ɓaci, a nan ne kuma kake da iko mafi yawa ba tare da jiran sa hannun kowa ba.

Fara da rubuta abin da ya isa a ta da mutum daga barci. Takarda guda, ku tsara ta tare da metiron, wato shugabar nas-nas, da shugaban sashen gaggawa, don idan kai kaɗai ka rubuta ba mai bin ta. Manhajar asibiti ta tsaya gaba ɗaya, a kira. Ɗakin gwaje-gwaje ko bankin jini ko sashen gaggawa ya kasa aiki, a kira. Kwamfuta ɗaya ta ƙi tashi alhali akwai wata a gefenta, a rubuta, da safe za a zo. Sannan a taƙaita masu kira: nas mai kula da asibiti na dare ita ce za ta buga, ba kowa daga kowane ɗaki ba.

Ga yadda irin wannan zama yake kasancewa. Metiron za ta ce, "Malam, ku dai ba kwa son a kira ku ne. Mu da muke kwana a tsaye fa?" Kada ka yi musu, gaskiyarta ce. Ka buɗe littafi ka ce, "Hajiya, duba nan. Kiran dare na watan jiya ga su, fiye da rabi na firintar ɗakin haihuwa ne. Ki ba ni nas biyu na rabin awa in nuna musu yadda ake zare takarda, in ajiye musu tona, wato tawadar firinta, ɗaya a kabad ɗinki. Ranar da saba ta faɗi kuma, yaron da zai zo yana da barci a idonsa, ba wanda aka tasa sau uku ba." Yawanci a nan ake daidaitawa, don ita ma ba ta son jiran mutum daga Bukuru saboda takarda.

Na biyu, kowane ɗaki ya kasance da fom ɗin takarda na ko-ta-kwana, na rajista, na neman gwaji, na magani, da rasit na hannu mai lamba, a san kuma wanda zai shigar da su kwamfuta idan ta dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitin da zai iya aiki awa biyu da takarda ba ya zuba wa yaro ɗaya ashar a waya ƙarfe biyu na dare.

Na uku, a ba mai kol hanyar shiga saba daga gida ta amintacciyar kafa, da data da kuɗin kira daga asibiti, ba daga aljihunsa ba. Kira da yawa a kan gado za a kashe su.

Wanda dole sai an zo kuwa, a tuna garin da muke. Wanda ke zaune a Bukuru ko Rikkos ko Farin Gada ba ya samun keke da tsakar dare, ga shingayen jami'an tsaro a hanya. A rubuta a takarda cewa motar asibiti ce za ta ɗauko shi ta mai da shi, direban dare ya san da haka. Kowa ya riƙe katin shaidar aiki da wasiƙar da ke nuna ma'aikacin asibiti ne, saboda ranakun dokar hana fita. Idan gari ya ɗan yi zafi, ka sake jadawalin nan take ta yadda ba wanda za ka tura ya ratsa unguwar da hankalinsa bai kwanta da ita ba, kuma kada ka jira sai ya roƙa, don ba kowa ne zai iya furtawa ba. A samu ɗaki mai ƙofa da katifa da bargo kusa da ɗakin saba. Wanda ya san sanyin Disamba a Jos ya san bargon ba almubazzaranci ba ne.

Jadawalin kansa a fitar da shi wata guda kafin lokaci. Kada mutum ya riƙe waya fiye da mako ɗaya a jere. Wanda ya kwana yana aiki ya huta washegari, a matsayin haƙƙinsa, ba alfarmar Oga ba. Muna da wata ni'ima a Jos da ba kowane gari ke da ita ba: sashe ɗaya Musulmi da Kirista. Kiristoci su riƙe Sallah da rana tsakar Juma'a, Musulmi su riƙe Kirsimeti da Ista da safiyar Lahadi. A rubuta shi tun Janairu. Kai ma shugaba ka sa sunanka a jadawalin, ko da sau ɗaya a wata ne.

Mataki na huɗu: kashe kiran daga tushe

Koma kan littafinka, ka ɗauki abubuwa uku da suka fi maimaituwa. Kusan ko'ina wuta ce ta ɗaya. Tsakanin ɗaukewar wutar kamfanin lantarki na JEDC da tashin janareta akwai 'yan mintuna, idan batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ya mutu saba za ta faɗi, wani lokaci ta tashi da lalataccen rumbun bayanai, aikin kwana biyu ke nan. Batir yana da shekarunsa, a rubuta ranar da aka sa shi a jikinsa, a canza kafin ya mutu. Ɗakin saba da na'urorin netwok su samu inbata da sola nasu daban. Duhun da ya rufe yawancin Arewa kwanaki a jere a Oktoban 2024 ya isa hujja. Da damina kuma tsawa a kan wannan tudu tana ƙone na'urori ta kebul ɗin da aka ja tsakanin gine-gine, don haka a duba wayar da ke kai wuta ƙasa kafin ruwan farko, a mai da doguwar hanya zuwa kebul ɗin fayiba, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, idan da hali. Intanet a samu layi biyu daga kamfanoni biyu. Ranar 14 ga Maris 2024 da kebul ɗin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ba duk kamfanoni ne abin ya taɓa daidai da juna ba.

Sauran na koyarwa ne. A kowane ɗaki ka zaɓi mutum ɗaya mai sha'awar kwamfuta, ka koya masa abubuwa biyar na farko, ka kuma ambaci sunansa a gaban shugabansa. Aikin da ba naku ba kuwa, ka kai wa daraktan mulki jimillar awanninsa, ka bar shi ya yanke: ko a hana, ko a ƙara mutum.

Mataki na biyar: maganar kuɗi

Yanzu kana da abin shiga ofis da shi. Amma ka fara da yarda cewa kukan yaranka gaskiya ne. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024 daga 30,000. Ma'aikacin kwamfuta kuma ya bambanta da sauran a abu guda: banki da kamfanin sadarwa da ƙungiyoyin agaji duk suna son sa, wani ma daga ɗakinsa zai yi wa kamfanin waje aiki a biya shi da dala. Ba za ka iya gasa da wannan ba, kada ma ka yi alkawarin da ya yi kama da haka.

Idan asibitin gwamnatin tarayya ne, albashi ba a hannun shugaban asibiti yake ba. Likitoci suna kan tsarin albashi na CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya suna kan CONHESS, Hukumar Albashi ta Ƙasa ce ke fitar da sakulan alawus, biya kuma ta IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, yake bi. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbatar kowa yana kan matakin da takardunsa suka ba shi. Sau da yawa za ka tarar da wanda ya shigo da difloma, ya yi digiri, ba a taɓa sauya masa layi ba, ko wanda ƙarin girmansa ya makara don ba a cike masa fom ɗin tantance aiki na shekara ba. Ka karɓi sakulan alawus ɗin kol da na shifta daga ofishin mulki, ka karanta da kanka, ka ga ina yaranka suka faɗa. Idan suna yin aikin dare ba su cikin masu karɓa, ka rubuta, ka haɗa da jadawali da littafin aiki, ka kuma sanar da wakilin ƙungiyar ƙwadagonsu. Kafin a amsa, ka nemi abin da hukumar asibiti ke iya yi daga kuɗin shigarta: kuɗin mota, abincin dare, data.

Idan na kuɗi ne ko na mishan, ƙofa ta fi faɗi. Ka nemi a ware kuɗin riƙe wayar kol na mako, da wani ƙari idan an fito, a rubuce a cikin takardar ɗaukar aiki. Ka sa kowa ya duba asusun fanshonsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki aƙalla kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ba abin da ke kashe zuciya kamar mutum ya ga ana cirewa a takardar albashi, asusu kuma wayam.

Akwai ciwo guda da ba a cika faɗa ba. A ɗaki ɗaya za ka ga ma'aikacin dindindin, da ɗan kwantiragi da aka sabunta masa wata shida-shida shekara da shekaru, da wanda wani shirin masu ba da tallafi ke biya ninkin na sauran, duk suna taɓa saba ɗaya. Ba za ka daidaita albashinsu ba. Amma kada ka bari ɗan kwantiragi ya zama shi ne jakin dare don ba shi da bakin ƙi, kuma duk sanda gurbi ya buɗe sunansa ya fara shiga takardarka.

Takardar da za ka kai wa manya kada ta wuce shafi ɗaya, kuma da harshensu. Awa nawa manhaja ta tsaya a wata uku, ka tambayi akanta nawa ake karɓa a awa ɗaya ta safiyar Litinin, ka ninka. Ka sa kuɗin kiran ɗan kwangila daga Abuja idan mai kula da saba ya tafi. Ka tuna musu cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, awa 72 ake da su a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sai ka ba su zaɓi uku da farashin kowanne, daga ƙarami zuwa babba. Manya sun fi son zaɓa a kan a tsare su da buƙata ɗaya.

Mataki na shida: ba su hanyar gaba

Mai kwamfuta da ya shekara uku yana zare takarda daga firinta ya san iliminsa na ruɓewa, wannan kuma yana korar sa ko da albashin ya yi daɗi. Ka ware wa kowa rabin yini a mako da ba ya ɗaukar kira, ya yi aikin shafin nan da aka daɗe ana ɗagawa ko ya yi karatu. Ka ba kowa abu guda da za a ce nasa ne: wannan netwok, wannan rahoton DHIS2 (manhajar tura alƙaluman lafiya ga gwamnati), wannan tsaron bayanai, kowanne kuma da mataimakin da ya san aikin, da bayani a rubuce. Sashen da mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin saba ya ɗaure wannan mutumin, ba ya hutu, ba ya zuwa jana'izar kawunsa da waya a kashe.

Jarabawar ƙwarewa ta kamfanonin waje da dala ake biya, ta fi ƙarfin albashinsu yanzu. Asibiti ya biya, da yarjejeniyar zama shekara ɗaya ko biyu, kada ta wuce haka. A taimaka da rajistar CPN, hukumar yi wa ƙwararrun kwamfuta rajista. Asibitocin da ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, suna iya neman a mayar musu da har rabinsa idan sun horar da ma'aikata bisa ƙa'idarta, hedikwatar asusun kuwa ga ta nan a titin Miango. Ka tambayi akantanku ko an taɓa nema.

Mataki na bakwai: zama da su, da tsaya musu

Sau ɗaya a wata ka zauna da kowa shi kaɗai, minti 20, ƙofa a rufe. Yaranmu ba sa kai ƙarar Oga gaban Oga, idan ka ce "akwai matsala?" amsar "ba komai, yallaɓai" ce. Ka tambayi abin da ke da amsa: wane kira ne ya fi ɓata maka rai a watan nan, wane aiki kake yi da kake ganin ɓata lokaci ne, nawa kake kashewa a mota. Ka rubuta abu ɗaya da za ka yi, zama na gaba ka fara da shi, ko an samu ko ba a samu ba.

Ranar da manhaja ta faɗi, babban likita ya shigo yana faɗa, kai ne za ka tare shi a ƙofa: "Ranka ya daɗe, ni za ka yi wa magana, su bar su su gyara." Bayan an gyara ku zauna ku bi abin da ya faru daki-daki, tambayar ita ce me ya ba da kafa, ba wa ya yi ba. Wanda aka ci wa mutunci kan kuskure ɗaya, na gaba ɓoye shi zai yi, ɓoyayyen kuskure a bayanan marasa lafiya kuwa yana iya kai wa ga ba da maganin wani ga wani.

Wanda ya yanke shawarar tafiya kada ka riƙe shi da gaba. Ka nemi mako biyu na miƙa aiki a rubuce, ka rufe asusunsa ka canza kalmomin sirri ranar da ya fita, ka tambaye shi dalilin tafiyarsa bayan ya karɓi takardar sallama, lokacin ne zai faɗi gaskiya. Littafin aiki kuma kada a rufe shi. Bayan wata uku ka sake kasa shi kashi huɗu, ka ɗora adadin kiran dare na yanzu kusa da na farko, ka kai wa shugaban asibiti tare da zaɓi na biyu daga cikin ukun nan da ka ba shi.